Katin Zaituna

Shafi na 23

Masu aiko min da "Malam Alkasim ina ci gaba," na gani. Aiki ne ya riƙe ni. Wanda ya wuni kan motar ɗaga kaya a sito a unguwar Khumra ta nan Jidda ba ya dawowa gida da ƙarfin danna waya.

Ga sababbi, don kada ku cika ni da tambaya: ciwon daji ya kama matata Zaituna, an cire mata nonon hagu, ta sha ruwan kimawi har gashinta ya zube ya sake fitowa. Likitarta ta ce yanzu jikinta zai ɗauki aikin gina mata wani nonon. Kamfanin ta'amin, wato inshorar lafiyar da kafilina, ubangidana na aiki, ya yi mana, ya ce wannan kwalliya ce, ba ya biya. Na kai musu bayanin likita. Nan muka tsaya.

Ranar Asabar na koma ofishinsu.

Mai gadi ya daina tambayata inda za ni. Kai kawai yake ɗaga min, kamar ɗan gida.

Wanda maganarmu ke hannunsa Abdulwahid ne, haifaffen nan Jidda. Kakansa ya zo hajji da ƙafa daga Katsina bai koma ba. Hausarsa rabi ce, sauran Larabci yake cikawa da shi.

"Ahlan ya ammi Alkasim. Zauna."

"Na gaji da zama a wurin nan. Faɗa min a tsaye."

"Zauna dai. Ta yau doguwa ce."

Na zauna.

"Har yanzu kwalliya ce?"

"La'. Wannan halas, ta wuce. Likitan kamfani ya karanta bayanin duktura, ya yarda cikon magani ne."

Na dube shi.

"Sake faɗa."

"Sun yarda ba kwalliya ba ce, ya ammi."

Wallahi sai na ji kamar an sauke min buhun siminti daga wuya. Tun ranar da muka je sunan jikar maƙwabcinmu, tsumman da Zaituna ke cusawa a riga ya zame ya faɗo tsakiyar mata, wata yarinya ta ɗauka tana tambayar na wane ne, matata ba ta sake taka gidan taro ba. Ni ban taɓa cewa ina buƙatar komai ba. Da nono da babu, matata ce. Ita ce dai ta daina duba madubi, ita ce ke juya min baya in za ta sauya riga, ni da na yi shekara ashirin da wani abu tare da ita.

Na fara miƙewa.

"To alhamdulillahi. Yaushe za a kira ta?"

"Ya ammi."

"Me kuma?"

"An tsayar da maganar. Wani abu ya fito."

Na koma na zauna. Da ma na sani. Mutanen nan ba sa ba ka ruwa sai sun huda kofin.

Ya juya kwamfutarsa kaɗan, kamar zan iya karantawa.

"A Rajab aka yi wa hajiya aiki, sah?"

"Rajab."

"Hagu?"

"Hagu. Ni na sa hannu."

"To a Shawwal an kai katinta wani ƙaramin asibiti a unguwar Karantina, irin mustawsaf ɗin nan na cikin lungu. An duba mace mai shayarwa. Nono ya kumbura ya tara ruwa, an tsaga, an ba ta magani. Suka turo mana, muka biya."

"To?"

"Nonon hagu, ya ammi."

Sai dariya ta ƙwace min, irin wadda ba daɗi a cikinta.

"Nonon da aka cire a Rajab ne ya je Karantina ya tsiro a Shawwal? Har da shayarwa? Autarmu ma tana gidan miji a Makka."

"Shi ne abin da kamfani ke tambaya."

"Kamfani ya tambayi ɓarayin mustawsaf ɗin mana! Wa bai san aikinsu ba? Su samo lambar mutum su rubuta ciwon da bai yi ba, su karɓi kuɗi. An yi wa wani Bapakistane a sitonmu, aka rubuta an cire masa haƙori huɗu, ga haƙoransa ras a baki."

"Yana faruwa, sahih."

"To shi ne ya faru."

Ya duba dama da hagu. Ya rage murya, ya ajiye Larabcin gaba ɗaya.

"Baba, ka je gida ka tambaya tukuna."

"In tambayi me?"

"Ka san mutanenmu. Kati yana yawo."

Nan jinina ya hau.

"Kai yaro, a Shawwal matata amai take yi a bokiti. Ko banɗaki sai an riƙe ta."

"Ban ce ta fita ba."

"To me ka ce?"

"Na ce ka tambaya."

"Katin yana cikin gwangwanin biskit a saman kabad, tare da takardar iƙamarta da fasfo. Tun ruwan da ya shiga gidaje na mayar da shi can da hannuna. Ni ne maigidan ko kai?"

Ya ɗaga hannu biyu.

"Tayyib. Hanya biyu ce. In an tabbatar mustawsaf ne suka yi ƙarya, a sati ɗaya za a buga wa hajiya izinin aiki. In kuma aron katin aka bayar, za a soke ta'amin ɗinta gaba ɗaya. Wadda ta yi amfani da shi kuma, wannan ba maganar kamfani ba ce, ta hukuma ce."

"Me zan yi a tabbatar?"

"Ka shigar da ƙara cewa katin bai taɓa barin gidanka ba. Amma ya ammi, ka ji ni da kyau. In ka sa hannu ya fita daga hannuna. Zai tafi wurin masu bincike, su kuma da 'yan sanda suke aiki. Ko na so in dawo da shi ba zan iya ba."

"Kawo."

"Ka kwana da ita mana. Gobe ma rana ce."

"Na kwana da ita wata nawa? Kawo abin rubutu."

Ya daɗe yana dubana. Ya miƙo. Na sa hannu har takardar ta kusa hujewa.

"Allah yahdik, ya ammi," in ji shi.

Na fito ina ji da kaina, wai na kama ɓarayi.

Da na isa gida a Madain Fahd na tarar da Turai zaune kan tabarma, yaronta goye, tana murza wa Zaituna hannun hagu da man zaitun. Tun aikin hannun yake kumbura.

Waɗanda suka biyo mu daga farko sun san Turai. 'Yar Maraɗi ce, ta zo umra da mijinta suka zauna, ba iƙamar zama a ƙasar ba komai. Tana da tsohon ciki aka kwashe mijin a wani kame aka mayar da shi gida. A ɗakin saman benenmu take, tana wanke-wanke a gidajen Larabawa. Ita ta yi jinyar Zaituna, ni ina sito.

"Sannu da zuwa, Baba," in ji ta.

"Yawwa Turai. Yaya ɗan saurayi?"

"Ga shi nan, ya fara cizo."

Ku da kuke karantawa kun riga kun gane. Ni ban gane ba. Mai neman jakinsa ne yana zaune a kai.

Ban faɗa wa Zaituna komai ba. Duk lokacin da na dawo da "sun ce," sai ta kwana biyu ba ta cin abinci. Na ce wannan karon sai na riƙo izinin a hannu zan buɗe baki.

Talata da rana ina kan mota aka kira ni daga kamfanin, ba Abdulwahid ba, wata murya daban. Wai in kawo ainihin katin kafin a tashi, masu bincike za su gani. Na roƙi shugaban sito, ya yi min kallon da ya saba, ya ce in tafi amma a bakin albashina.

Bayan azahar na shiga gida. Zaituna na zaune tana tsince shinkafa, tawul a kafaɗar hagu kamar kullum.

"Baban Mastura? Lafiya da rana tsaka?"

"Lafiya. Abu zan ɗauka."

Na taka kujera na sauko da gwangwanin. Iƙamata na aljihuna. Ga tata. Ga fasfo biyu. Ga takardar aurenmu. Na zazzage shi kan gado.

Babu.

"Zaituna."

"Na'am."

"Ina katinki na ta'amin?"

Hannunta ya tsaya cikin shinkafar.

"Yana nan."

"Nan ina?"

"Me za ka yi da shi? Ai ba ranar asibiti ba ce."

"Tambaya na yi."

"Zan duba maka an jima. Ka ci abinci tukuna, akwai sauran miyar kuka."

Na fito na tsaya a kanta. Shekarun da muka yi, na san fuskar matata in tana ɓoye abu. Kunnenta take taɓawa. Ga hannun can a kunne.

"Wa kika ba katin a Shawwal?"

Ba ta ɗago ba.

"Wa ya faɗa maka?"

Na zauna nan ƙasa, kan siminti.

"Ashe gaskiya ne."

"Turai ce."

"Turai."

"Aywa, Turai. Kada ka yi min ihu, kaina na ciwo."

"Ban yi ihu ba."

"Za ka yi. Na ga jijiyar wuyanka."

Na ce, "Faɗa min."

Ta ture farantin gefe.

"Sati uku da haihuwarta. Ta sauko min da rarrafe, wallahi da rarrafe, yaro na ihu, jikinta kamar garwashi. Ta buɗe min riga. Nonon ya yi ja ya yi tauri kamar dutsen guga, yana ɗigar mugunya. Mun gasa da ruwan zafi, mun shafa abin da tsofaffi suka ce, ba abin da ya yi. In ta je babban asibiti za a ce ina iƙama, daga nan sai gidan tarhil a mayar da su gida, ita da jinjiri. In ta je na kuɗi, da me? Sai na duba nawa gefen, na duba nata. Na ce ni an yanke nawa, nata ma in zuba ido ya ruɓe?"

"Shi ne kika hau kujera, ke da ba kya iya tsayuwa."

"Ita ta hau. Ni na nuna mata."

"Ba su duba hoto ba?"

"Niƙabi ta sa, ta ce sunanta Zaituna. Wa ke ɗaga niƙabin mace a Karantina?"

"Kuma ba ki ga ya kamata in sani ba."

"Da na faɗa maka za ka yarda?"

"A'a."

"To."

"To me? Gidana ne ko tasha?"

Nan ta ɗago. Idonta ya yi ja, amma ba hawaye.

"Baban Mastura, wa ya riƙe min bokiti? Wa ya riƙa zubar da jinin da ke taruwa a robar nan da suka saka min a haƙarƙari? Kai ko kallonta ba ka iya yi, fita kake yi wai za ka sayo burodi. Yarinyar nan da cikinta haihuwa yau ko gobe take durƙusawa ta wanke ni. Ranar da gashina ya fara zuba, ita ta aske sauran tana ba ni labarin kishiyar uwarta don in yi dariya. Riyal ɗaya ba ta karɓa ba."

"Ban ce ba ta yi ba."

"Kuma yau aka fara? Uwata da takardar maƙwabciya ta haifi ƙanena a garin nan. Kai kanka, shekarar da ka zo, da ƙarfe ya faɗo maka a ƙafa, da sunan wa aka ɗaure ka? Ba da sunan abokinka Saleh ba? Har yau akwai asibitin da ya san Saleh ya taɓa karaya, shi da ko targaɗe bai yi ba."

"Wancan zamanin ba kwamfuta."

"Ni me na sani da kwamfuta? Ni mace na gani tana mutuwa."

Na'urar sanyaya ɗakin na ta ƙara ba ta sanyaya komai.

Na gaji. Wallahi irin gajiyar da ba barci ke maganinta ba. Na ce,

"Sun yarda, Zaituna."

"Su wa?"

"Kamfani. Sun ce ba kwalliya ba ce."

Hannunta ya tafi kan tawul ɗin a hankali.

"Sun yarda?"

Yadda ta faɗe shi, kamar yarinya ƙarama. Duk "bar shi, na haƙura" da take ce min wata da watanni, a wannan kalmar na san ƙarya ce.

"Sun yarda. Sai suka ga an tsaga nonon hagu a Shawwal da sunanki. Suka tsayar."

Ta rufe ido.

"Halas," in ji ta. "Ba rabona ba ne. Ka je ka ce ni na bayar. Ka ce wata baƙuwa ce ta wuce, ba mu san inda take ba."

"In na faɗi haka za su soke komai. Ba aikin kaɗai ba. Ƙwayar da kike sha kullum, awon da ake miki, duk."

"Allah na nan."

"Allah na nan, amma mai kantin magani ba ya karɓar wannan."

"To me kake so? In miƙa musu ita?"

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta raya min. Matata ce a gefe guda.

Ta karanta a fuskata.

"Ko da wasa, Baban Mastura. Ka ji na faɗa maka. Da in sa nonon da aka saya da yarinyar nan da ɗanta, gara a yanke ɗayan ma."

"Ba a kai nan ba."

"To kada a kai. Ka rufe bakinka, su yi ta tsayar da abinsu. In ba wanda ya yi magana, wa zai neme ta?"

Na tuna takardar ranar Asabar.

"Zaituna."

"Mene?"

"Na riga na sa hannu."

"A kan me?"

"Na ce katin bai taɓa fita gidan nan ba. Na ce mustawsaf ne suka yi sata. Na shigar da ƙara."

"Ƙara wurin wa?"

"Masu bincike. Da 'yan sanda suke aiki."

"Ba wanda ya ce ka tambaye ni?"

"An ce."

"Ka tambaya?"

Na dubi ƙasa.

"Yaushe?" in ji ta.

"Asabar."

"Asabar. Ka shigo ka same ta tana murza min hannu, ka tambaye ta ɗan saurayi."

"Ban sani ba! Aika a kira ta ta kawo katin. Zan koma wurin yaron nan Abdulwahid in roƙe shi, ko durƙusawa ne in yi, a janye."

Zaituna ta miƙe. Ban taɓa ganin ta miƙe da sauri haka ba tun aikin. Tawul ɗin ya faɗi, ba ta ko waiwaye shi ba.

"Ba ta nan."

"Ta tafi wanke-wanke?"

"Ta dawo min da katin tun Shawwal. Yau da hantsi ta sake karɓa."

"Don me?"

"An kira ta a waya. Lambarta ta bari a mustawsaf ɗin wancan karon. Suka ce akwai sakamakon awon nono da ba ta karɓa ba, ta zo yau da katinta."

"Awon me, bayan wata nawa?"

"Ta ce ba za ta je ba, tsoro take ji." Ta dafe kai. "Ni na matsa mata. Na ce kada ta yi irin jinkirin da na yi. Na ce in wani abu ne gara a gani da wuri. Ni na ɗaura mata goyon, Baban Mastura. Ni na ba ta kuɗin mota."

"Tun yaushe ta fita?"

"Kafin azahar."

Na dubi agogon bango. La'asar ta kusa. Karantina ba nisa ba ce.

"Kira ta."

Ta lalubo wayarta a ƙarƙashin matashi. Ta ɓata lambar, ta sake. Ta danna yadda ni ma zan ji.

Tana shiga. Ba a ɗauka ba.

"Sake."

Ta sake. Tana shiga, tana shiga.

Aka ɗauka.

"Turai! Turai, kina ina? Kada ki shiga, ki juyo gida yanzu—"

Kukan yaro muka fara ji, can nesa da wayar. Sai muryar namiji, da Larabci, a natse kamar mai karanta labarai.

"Wa alaikumus salam, ya hajja. A hankali. Wayar nan ta nuna min sunan mai kira, Yaya Zaituna."

Muka dubi juna.

"To in ke ce Zaituna," in ji shi, "wannan da ke zaune gabana da katin Zaituna, wace ce?"